Fiffiken Motar Auta

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau na kafa wa motar Auta fiffike. Shekara ashirin da bakwai ina gyaran jikin mota, na miƙe ƙofofin da suka lanƙwashe, na fitar da lotsawa daga rufin bas, amma ban taɓa zaton zan sa wa 'yar ƙwaryar nan fiffike ba. Motar ba ta fi akwatin ashana da kaɗan ba. Na ce, "Auta, wannan abu fa na motocin tsere ne, shi ke danne su ƙasa in sun kwasa da gudu. Taki me zai danne?" Ta ce, "Baba, ni kyau nake so. Ɗalibaina sun ce motata kamar ƙwaro." Wata uku ke nan da fara koyarwarta a makarantar bayan gari, kullum sai ta bi babban titi ta haye gada. Ita ce ƙaramar 'yata, ban iya ce mata a'a ba tun tana rarrafe.

Abin na roba mai tauri ne, tsawonsa ya kai buɗin hannuna biyu, yana zama a saman ƙofar baya, bisa gilashi. Maƙwabcina mai fenti, wanda muke kira Bakan Gizo saboda rigarsa ba launin da babu, shi ya fesa masa ruwan lemo irin na motar. Sau uku yana haɗa fentin kafin ya yarda ya yi. Ya ce, "Guduma, ka sa wa kaza fiffiken shaho." Guduma ni ke nan.

Na auna tsakiya, na ja layi da alli, na manna takardar awo, na huda rami huɗu. Ƙaramin bakin injin huda da farko, sannan babba, don kada ƙarfen ya yage. Na shafa maganin tsatsa a bakin kowane rami. Na shimfiɗa gam. Noti biyu na gefe sun shiga lafiya, na ɗaure su tamau. Biyu na tsakiya ne suka ƙi hannu, akwai ƙarfen tokara a cikin ƙofar da ya tare wajen, sai da doguwar sifana, ita kuma an are ta ba a dawo da ita ba. Auta tana ta zagaya ni tana duba agogo, tana son ta nuna wa Innarsu kafin rana ta faɗi. Na kama fiffiken da hannu biyu na jijjiga, ko gezau. Na jefa ragowar noti biyun a aljihun rigar aiki.

Litinin zan ƙarasa.

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Bas biyu suka shigo, ɗaya ba goshi. An dawo da sifana. Auta ta wuce makaranta tun kafin in fito. Gobe.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Auta ba gida ta nufa ba, gareji ta zo. Ta tsaya ta kashe mota, ba ta fito ba, hannunta biyu a kan sitiyari. Tun daga nesa na ga bayan motar tsirara.

Ta ce, "Baba, ya tashi."

Da safe ne, dab da gada. Ta makara, sai ta ɗan taka. Ta ji wani ƙara kamar an fasa faranti a bayanta, ta duba madubi ta ga babbar mota ta cika shi, ba wajen tsayawa, ta wuce. Sai da ta isa makaranta ta gani. Wuni guda tana jin tsoron gaya mini, wai ta ɓata mini aiki.

Na ce, "Ai ga irinta nan. Motar nan ba ta gudu ba ce, na sha gaya miki."

Ni na faɗi haka. Da bakina. Ta sunkuyar da kai ta ce in yi haƙuri.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na fita na duba kafin ta tashi. Ramukan gefe sun yage kamar an fizge maɓalli daga riga. Na tsakiya biyu suna nan zagaye, tsaf, maganin tsatsan ko ƙwarzane babu. Duk wanda ya san aiki, kallo ɗaya zai karanta abin da ke rubuce a wajen.

Na rufe duka huɗun da baƙin salatif. Saboda ruwan sama.

Rigar aikin tana rataye a ƙusa bayan ƙofar gareji. Na ɗauko tsohuwar na sa.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Da ban je ba.

Na ce wa Bakan Gizo zan je sayen ƙarfe. Na hau bas na sauka a gada, na bi gefen titi ina duba ciyawa, ko zan tsinci abin in san yadda ya karye. Akwai wani mai faci a gindin gadar, yana da rumfar kwano da bahon ruwa na gwada tayoyi. Ya ga ina sunkuye ya ce, "Baba, wani abu ya faɗi ne?" Na ce makulli.

Ya ce, "Wajen nan ai ba ya mayar da abin da ya ci. Shekaranjiya ma a nan mai burodi ya faɗi."

Ban tambaye shi ba. Shi ya ci gaba. Wani mutum ne mai kai burodi shaguna a babur, kullum da safe yake wucewa da akwatin katako a baya, har yakan jefo masa ɗaya in ya kwana. Yana bayan wata babbar mota, ya fito zai wuce ta, sai wani abu ya taso daga gaba yana juyi a iska ya same shi a ƙirji. Babur ya yi gefe, shi ya yi gefe. Burodi ya watsu har tsallaken titi, motoci suna bi ta kai. Hular kwano ce ta tsare kansa. Ƙafar kuwa, mai faci ya nuna mini da hannunsa yadda ta juya, na kau da kai.

Na ce, "Mene ne abin?"

Ya ce, "Wani falle ne, ruwan lemo. 'Yan sanda sun tafi da shi."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Muryata ta fita daidai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na hau bas na dawo, ba ƙarfen da na ce zan saya.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ba wanda ya zo.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na doki babban yatsana da guduma, abin da rabona da shi tun ina koyo. Bakan Gizo ya leƙo ta katanga yana dariya, wai guduma ta ci ubangidanta. Ya ce, "Ina tsuntsuwarmu? Kwana biyu ban ga fiffikena ba." Na ce an cire za a gyara zama. Ya ce, "Kai da ba ka maimaita aiki?" Na kunna injin goge ƙarfe don kada in ji sauran.

Duk motar da ta rage gudu a bakin gareji sai in ajiye guduma in leƙa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ba wanda ya zo.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Innarsu ta kawo shayi da burodi. Na sha shayin. Ta ce, "Malam, ko ya kwana ne?" Ta matsa shi da yatsa ta ce sabo ne. Na ce ciki ne. Ta dube ni irin duban da take yi wa tukunya in tana son sanin ko ta nuna. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ta san tarina na mura da tarina na ƙarya.

Auta tana tsakar ɗaki ta baza takardun jarrabawa tana maki da jan biro, tana karanto mana amsoshin yara tana dariya. Ba ta sani ba. A wajenta roba ce ta faɗi a titi.

Littafin nan na awo ne. Ban san lokacin da ya koma na surutu ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe uku da rabi

Na je asibiti. Ban yi niyyar shiga ba, na ce zan tsaya a ƙofa kawai, sai ƙafa ta kai ni har ɓangaren masu karaya. Doguwar baranda ce mai benci a jikin bango, ga warin maganin wanke ƙasa. Ban san sunansa ba. Na tambayi wata mai shara, na ce mai burodin da ya faɗi a gada. Ta nuna mini wata mata da baki, ta ce matarsa ce.

Siririya ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, tana riƙe da kwanon abinci a ɗaure cikin ƙyalle. Na zauna a ƙarshen bencin kamar mai jiran wani. Ita ta fara gaishe ni. Ta ce, "Baba, kai ma naka ne a ciki?" Na ce e.

Ta ce nata kwana shida ke nan. Ƙafa ta karye wuri biyu, haƙarƙari uku. Ya farka ranar Asabar, ya gane ta, abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa masu shaguna burodinsu. Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi. Likita ya ce ranar Alhamis za a sa ƙarfe a ƙafar, daga nan a ga ko za ta ɗauke shi. "Ko za ta." Haka ta ce.

Ta ce, "Abin da ke cina, Baba, mai motar ko tsayawa bai yi ba. Ko kare ka buge ai ka waiwaya."

Na ce wataƙila bai sani ba.

Ta ce, "To yanzu ai ya sani. Ya isa gida ya ga motarsa ba yadda ya fita da ita ba."

Ta buɗe kwanon ta ce bismillah. Na ce na ƙoshi. Na miƙe na bi baranda, na ɓata hanya sau biyu kafin in ga ƙofa.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Sun zo. Ba wajena ba.

'Yan sanda biyu, ɗaya da kaki ɗaya ba kaki, suka shiga rumfar Bakan Gizo da wani abu a cikin buhu. Ina ƙarƙashin bas ina hango takalmansu. Ban fito ba. Na ji yana cewa, "Yallaɓai, ruwan lemo ai ya fi a ƙirga, kowane mai fenti yana da nasa." Suka ce suna bin layin masu fenti ne gaba ɗaya, in ya tuna wani abu ya neme su. Takalman suka wuce ta bakin garejina, suka ɗan tsaya, ɗaya ya ɗaure igiyar takalminsa, suka tafi.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Bakan Gizo ya shigo ya ja ƙofa. Bai yi dariya ba. Ban taɓa ganin fuskarsa ba dariya ba, ashe tsoho ne shi ma.

Ya ce, "Guduma, sau uku na haɗa fentin nan. Ko a cikin dubu na san abina."

Na ajiye abin da ke hannuna.

Ya ce, "Na juya shi a hannuna. Gefe da gefe a yage. Tsakiya kuwa ko alamar zaren noti babu, gam kawai." Ya dubi rigar da ke rataye, ban san me ya sa ya dube ta ba. "Yau na yi ƙarya saboda kai, ga jikokina biyar. Ba zan yi ta biyu ba. In suka dawo, abin da na sani zan faɗa."

Na ce, "Yarinyar za su kama. Ita ke tuƙi."

Ya ce, "Yarinyar kake tsoro wa, ko allon da ke bakin ƙofar nan?"

Allon sunan garejina yake nufi. Na so in zage shi. Ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na ce wa Auta ta bar motar ta hau bas, zan duba birki. Na shigo da ita ciki na rufe ƙofa. Aikin minti arba'in ne. A cike ramukan, a goge, a fesa, ba mai cewa an taɓa huda wajen. Na yi wa motoci ɗari irinsa.

Na kwaɓa fila, ƙullin cike rami, a kan katako. Na tsaya da wuƙar shafawa a hannu har ya daskare. Na kankare na sake kwaɓawa. Ya sake daskarewa.

Sau uku. Gwangwanin ya kusa ƙarewa, ramukan suna nan.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Yau za a sa wa mai burodin ƙarfen.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Auta ta ji. Direban makarantarsu ne ya ba da labari a ɗakin malamai, da ranar da wurin da launin, duka. Ta ce sai ta ji ɗakin yana juyawa. Ta shigo gida ba sallama, ta zube a gaban Innarsu tana cewa, "Ni ce, Inna, ni ce. Gudu nake yi. Baba ya ce kada in yi gudu."

Ina tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu.

Innarsu ta rungume ta tana kallona ta saman kanta. Ta ce, "Malam, ka ce wani abu mana."

Na ce a bari mu ji yadda jikinsa yake tukuna.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ba ta je makaranta ba. Ba ta ci ba. Tana zaune a gefen gado da hannu cikin cinya, in an yi magana sai ta zabura. Ta tambaye ni shekara nawa ake ɗaure mutum a kan irin wannan. Ta tambaye ni ko za su kore ta daga aiki. Ta tambaye ni ko yana da yara. Na ce ban sani ba. Biyu gare shi, matar ta gaya mini.

Ta ce ranar Litinin za ta kai kanta. Na ce ta jira. Ta ce, "Jiran me, Baba? Kai ka koya mini in na fasa kofi in kawo gutsattsarin da hannuna."

Ni na koya mata.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ina jin tsoro. Ban taɓa rubuta wannan ba tun da nake.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ɗaurin nake tsoro ba. Na auna shi ta kowane gefe, ba shi ba ne. Ba allon ba ne ma, Bakan Gizo bai canka daidai ba. Fuskarta ce. Tun tana 'yar shekara biyar take zama a kan tsohuwar taya tana kallona ina aiki, duk wanda ya shigo sai ta ce masa babanta ba ya yin aiki rabi.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je gareji na ɗauko rigar. Na same su a ɗaki, Innarsu tana lallaɓa ta ta sha ko ruwan shayi. Na zazzage aljihun a kan tebur. Ƙarar notin biyu ba ta kai yadda na zata ba.

Auta ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Na fiffikenki ne. Huɗu ne, biyu na ɗaura. Na ce Litinin zan ƙarasa, ban ƙarasa ba. Da suna ciki, ko gudun me kika yi ba zai tashi ba."

Ta daɗe tana kallonsu. Ta ɗauki ɗaya ta juya.

Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun ranar da ta zo gareji.

"Mutumin fa?"

Na ce tun kwana goma da suka wuce. Na ce na je asibiti ma.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini. Ta ce, "Baba, kana tsaye da buta. Ina ƙasa ina cewa ni ce, kana tsaye." Ta ajiye notin a hankali kamar ƙwai. "Mantuwa kowa yana yi. Wannan ba mantuwa ba ce."

Ta shiga ɗakinta ta sa sakata.

Innarsu ta tattara kofuna. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Na san akwai abu. Na ɗauka ciwo ne likita ya gaya maka kake ɓoye mini. Har na yi ta roƙon Allah kada ya zama shi ne." Ta gyara riƙon kofunan. "To, ba shi ba ne."

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe uku na rana

Mun je ofishin 'yan sanda. Ni na tuƙa motar, na ɓare salatif ɗin kafin mu fita. Auta ta zauna a baya.

Ɗakin sufeton ƙarami ne, da fanka mai kuka da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa. Buhun yana saman kabad ɗin, bakin abin ya leƙo. Na faɗi nawa, ya rubuta. Na sa hannu a ƙasa. Auta ta faɗi nata, ba ta rage komai ba, har gudun da ta yi da rashin tsayawar. Na ce, "Yallaɓai, laifin nawa ne, ita ba ta..." Ta katse ni ta ce, "Baba, bar mini nawa."

Kalmarta ke nan gare ni yau.

Sufeton ya fita ya duba ramukan, ya sa ɗan yatsa a na tsakiya. Ya ce shekararsa goma sha tara a aiki, waɗanda suka kawo kansu ba su cika hannu ɗaya ba, amma kada in ɗauka wannan zai goge komai. Sun riƙe motar. Bakan Gizo ya zo ya tsaya mana, da rigarsa mai launi dubu a cikin ofishin hukuma. Sufeton ya ce za a neme mu. Bai ce yaushe ba, bai ce me za a yi ba.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Asibiti. Auta ta ce tare za mu je, ta yi gaba ina bin ta.

Matar ta gan ni ta yi murmushi, ta ce, "Baba, ya mai jikin naka?" Na ce ba ni da kowa a nan sai nata. Na gaya mata a tsaye, a barandar. Murmushin ya daskare a fuskarta. Ta ce, "Na yi maka tayin abincina." Sau biyu ta faɗa. Sannan ta ɗaga murya har ma'aikaciyar jinya ta fito. Abin da ta kira ni ba zan rubuta ba, ba kuma ƙarya ta yi ba.

Mijin ne ya aiko a shigo da mu. Ɗan ƙaramin mutum ne, ƙafar tana rataye da ƙarafa sun huda ta ta gefe biyu. Ya saurara idonsa a silin. Da na gama ya ce, "Noti biyu."

Na ce e.

Ya ce, "Nawa ne tsawonsu?"

Na nuna masa da yatsa. Ya kalli yatsan, ya kalli ƙafarsa. Ya ce, "Ban yafe ba. Kada ka tambaye ni yau." Ya juya wajen Auta da ke kuka a gindin gado ya ce, "Ke kuma malama, in kin ji ƙara a bayanki, ki riƙa tsayawa."

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Labari ya zaga layi. Mai bas ɗaya ya zo ya ɗauke motarsa ba a gama ba. Ban hana shi ba.

Auta tana gaishe ni da safe. Gaisuwa kawai.

Talata, 10 ga sabon wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kullum ina zuwa asibiti da rana in zauna a bencin. Matar ba ta kallona. Ranar Juma'a ta bar kwanon a kusa da ni ta shiga, ban san ko mantuwa ta yi ba, ban taɓa ba.

Takarda ta zo. Ranar 23 za mu tsaya gaban alƙali, ni da Auta. Na karanta ta sau shida.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau aka ce mai burodin ya gwada takawa. An ba shi abin dogarawa na ƙarfe mai ƙafa huɗu. Ma'aikaciyar ta ce ana son namiji mai ƙarfi ya bi bayansa ko da zai tafi ƙasa, matarsa ba za ta iya ɗaukarsa ba. Ta duba baranda. Ni kaɗai ne a bencin.

Matar ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Zo. Amma kada ka taɓa ni sai in na faɗi."

Na tsaya a bayansa na buɗe hannu biyu, tazarar taƙi ɗaya tsakanina da rigarsa. Ya tura ƙarfen, ya ja ƙafar. Gumi ya jiƙa masa ƙeya. A taku na huɗu ya yi tangaɗi, hannuna ya kai gare shi, ya ce, "Na ce kada!" Na janye. Ina jin numfashinsa, ina jin nawa. Ban taɓa jin tsoro irin na barandar nan ba, ko a ɗakin sufeto.

Taku goma sha ɗaya, har bakin taga. Ya kama ƙarfen tagar ya tsaya yana haki, yana kallon motoci a titi.

Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Gobe ƙarfe goma. Kada ka makara."

Hannuna na nan a buɗe, sai da ma'aikaciyar ta ce, "Baba, sauke, ya isa."